Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama Ta Zariya: A Tuna Da Kyaftin August Martin

Zuwa ga Shugaban Kwaleji da malamai da ɗalibai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni tsohon makanikin jirgin sama ne. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina kwance inji ina ɗaurawa, hannuna bai rabu da baƙin mai ba sai da ƙarfi ya fara ja baya, na dawo gida Zariya na zauna. Tun ina ɗan firamare nake zuwa bakin waya ta wajen Palladan, in tsaya ina kallon ƙananan jiragenku suna taɓa ƙasa suna sake tashi, har magariba ta kore ni gida. A wurin wannan kallon sana'ar ta shiga raina. Don haka idan na kawo roƙo ƙofarku, ban ɗauki kaina baƙo ba.

Roƙona a kan mutum ɗaya ne. Bai yi karatu a wurinku ba, ba kuma ɗan ƙasar nan ba ne, amma a ƙasar nan ajali ya riske shi, yana riƙe da sitiyarin jirgi. Sunansa Kyaftin August Harvey Martin, Ba'amurke baƙar fata, wanda ya rasu a Uli, cikin jihar Anambra ta yau, ranar 1 ga Yuli 1968. Ina roƙon kwalejin nan ta ba shi gurbi a bangonta da kuma cikin darasinta. Ku yi mini haƙuri in faɗi ko wane ne shi, domin na sha ambatar sunansa a majalisar tsofaffin abokan aikina, mutanen da suka ƙare rayuwarsu a filin jirgi, sai in ga ana kallona ana jiran ƙarin bayani.

An haife shi a Los Angeles ranar 31 ga Agusta 1919. Ya gama sakandare a New York a 1938, ya koma Kalifoniya da burin tuƙa jirgi, aljihu kuwa babu kuɗin koyo. Sai ya kama aikin wanke jirage a filin jirgin Oakland, abin da ya samu ya biya malami. Wanda bai taɓa wannan aikin ba zai ɗauka wasa ne. Ni da shi na fara. Za ka kwanta ƙarƙashin cikin jirgi da tsumma da bokiti, ruwan sabulu haɗe da mai yana gangarowa ta hannun rigarka har hammata, wuyanka ya ƙage, ka tashi ka ga wani yaro mai gata ya zo ya hau jirgin da ka wanke ya yi sama. Da irin wannan gumin Martin ya tara awoyinsa na farko, har ya tashi jirgi shi kaɗai a farkon 1940, yana ɗan shekara ashirin.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, ya shiga rundunar sojan sama a 1943, aka tura shi Tuskegee a jihar Alabama. Nan ne kaɗai sojan Amurka suka yarda a koya wa baƙar fata tuƙin jirgin yaƙi, a keɓe, ba a haɗa su da farare. Tsakanin 1941 da 1946 matuƙa 992 suka fito daga wannan wuri. Martin ya koyi B-25, jirgin jefa bama-bamai mai inji biyu. Don ku ga irin zaman da ake yi: a watan Afrilu 1945, a sansanin Freeman na jihar Indiana, an tsare hafsoshi baƙar fata 101 na runduna ta 477, masu aiki da irin wannan jirgin, saboda sun ƙi sa hannu a takardar da ta haramta musu shiga kulob ɗin hafsoshi farare. Mutanen da ake shirya wa zuwa su mutu don ƙasa, an hana su kujerar shan shayi. Shi Martin ya samu fiffikensa, wato shaidar zama matuƙin soja, a watan Satumba 1945, kwanaki kaɗan bayan Japan ta sa hannu a takardar miƙa wuya. Yaƙi ya ƙare bai je fagen daga ba, kuma a 1946 ya tuɓe kaki.

Shekaru tara da suka biyo baya su ne suka fi tsaya mini a rai. Ga mutum da lasisi, ga horon soja, ga ƙwarewa a jirgi mai inji biyu, a lokacin da kamfanonin Amurka ke kwasar tsofaffin matuƙan soja kamar ana rabon goro. Shi babu mai ɗaukarsa aiki na dindindin, don launin fatarsa. Ya yi aikin gyaran jirgi, ya riƙa samun tuƙi na ɗan lokaci a kamfanoni daban-daban, har da El Al na Isra'ila, in an gama a sallame shi. Idan tuƙin ya yanke, sai ya tafi tashar jiragen ruwa ta New York ya yi dako don ciyar da iyali. Ku ɗalibai kun san lasisin tuƙi kamar shuka yake, in ba a ba shi ruwa ba ya bushe: akwai gwajin likita, akwai awoyin da dole a cika, akwai jarrabawar da ake sabuntawa, kowanne da kuɗinsa. Na san yara da yawa a ƙasar nan da iyayensu suka sayar da gona suka biya musu karatun tuƙi, suka gama, suka zauna shekara uku ko huɗu babu aiki, lasisi ya mutu a aljihu, zuciya ta bi shi. Martin ya yi tara, da buhu a kafaɗa, bai bar nasa ya mutu ba.

A 1955 kamfanin jigilar kaya na Seaboard ya ɗauke shi, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin kyaftin a kamfanin jirgin sama mai tashi bisa jadawali a Amurka. Ku duba nisan da ya ba na bayansa. Marlon Green, shi ma tsohon matuƙin soja, sai da ya kai ƙarar kamfanin Continental har Kotun Ƙolin Amurka, ya yi nasara a 1963. David Harris bai shiga American Airlines ba sai 1964, shekarar da aka kafa kwalejinku. Martin ya tuƙa DC-4, da Constellation mai inji huɗu da wutsiya uku, da CL-44 wanda ake buɗe wutsiyarsa gaba ɗaya kamar ƙofa a loda kaya. A 1967 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar matuƙa baƙar fata ta Negro Airmen International, don na baya kada su sha irin wuyar da ya sha.

To, mutumin da ya kai nan bayan wannan doguwar wahala, da ya zauna ya ci guminsa babu wanda zai ga laifinsa. Sai ya zama hutunsa na shekara yake ɗauka ya yi jigilar kayan agaji zuwa Afirka. A tsakiyar 1968 yaƙin basasarmu ya shekara. Fatakwal ta faɗa hannun sojan tarayya a watan Mayu, hanyar teku ta toshe, yankin Biyafara ya koma kamar tsibiri a cikin ƙasa, yunwa ta shiga yara. Hanyar da ta rage ita ce sama, wurin saukar kuwa Uli: wani yanki ne na titin mota tsakanin Onitsha da Owerri da aka faɗaɗa, matuƙa suna kiransa Annabelle. Da dare ake sauka don gudun harbi, fitilun gefen titi kuma sai jirgi ya matso ake kunna su na ɗan lokaci a kashe. Nan Martin ya nufa da Constellation cike da kayan agaji, cikin damina, ya tarar da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Jirgin ya faɗi wajen sauka. Ya rasu yana da shekara 48, matarsa da ta rako shi ita ma ta rasu tare da shi.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a fuskata: ta yaya ɗan Arewa zai nemi a karrama wanda ya kai wa Biyafara kaya? Ba zan kauce wa wannan tambayar ba, don ina da haƙƙin amsa ta. Mahaifina soja ne, kofur, a runduna ta ɗaya wadda Kanar Muhammadu Shuwa ya jagoranta. Shekara biyu da rabi muna kwana muna tashi ba mu san ko zai dawo ba. Na san zafin 15 ga Janairu 1966, ranar da aka kashe Sardauna da Birgediya Maimalari, aka ɗauke Tafawa Ɓalewa aka kashe shi. Na kuma san abin da ya faɗa wa Inyamurai mazauna garuruwanmu cikin wannan shekarar, wanda manyanmu ba sa son tuna shi. Gaskiya ne kuma cewa ta titin Uli ɗin nan makamai ma sun shiga, gwamnatin tarayya tana ganin duk jirgin da ya sauka can ba da izininta ba ya keta sararin samaniyar ƙasa, kuma har yau akwai masana da ke cewa jigilar agajin ta ja wa yaƙin tsawo. Ban raina wannan hujjar ba. Akwai ma baƙin da suka fara da agaji suka ƙare da harbi, kamar Carl Gustaf von Rosen ɗan Suwidin, wanda a watan Mayu 1969 ya kawo ƙananan jirage ya kai hari filayen jirgin Fatakwal da Benin da Enugu. Ba irinsa nake roƙa wa ba. Martin kayan ceton rai ya ɗauko, a kansu ya mutu.

Abin da ya sa na kasa kallonsa a matsayin abokin gaba, daga bakin Baba na same shi. Bayan ya dawo a 1970 ba ya maganar yaƙi, ko an tambaye shi sai ya kawo wani zance. Wani dare muna cin tuwo a tsakar gida, ƙanena ya ture kwano ya ce miyar ba ta yi masa ba. Baba bai daka masa tsawa ba. Ya janye hannunsa daga nasa kwanon, ya yi shiru har muka tsargu, sannan ya ba mu labarin wani ƙauye da suka shiga, yara suka riƙa fitowa daga daji ɗaya bayan ɗaya. Gashin kansu ya yi ja ya yi laushi, ciki ya kumbura kamar tulu, ƙafa ta haye, in ka danna da yatsa ramin ya zauna. Ya ce abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ba sa kuka, kallo kawai suke yi. Ya buɗe gwangwanin abincinsa zai ba wata yarinya, ma'aikacin lafiyar rundunarsu ya riƙe masa hannu, ya ce in ta ci da yawa a lokaci ɗaya mutuwa za ta yi, sai dai kaɗan-kaɗan. Baba ya dube mu ya ce, “Waɗannan ba su harbi kowa ba.” Daga nan ya tashi ya shiga ɗaki, bai ƙarasa tuwon ba. Ban sake jin ya yi zancen ba har Allah ya karɓi abinsa.

Yaran nan 'yan Najeriya ne. Hujjar da aka yi yaƙin a kanta ke nan, cewa ƙasa ɗaya ce kuma su namu ne. Idan haka ne, wanda ya bar gidansa a Amurka ya zo ya mutu wajen kawo musu abin da zai riƙe ransu, 'ya'yanmu ya yi wa hidima, kuma bashin godiyar a wuyanmu yake. Janar Gowon da kansa, da aka ajiye makamai a Janairu 1970, ya ce babu wanda ya yi nasara babu wanda aka ci da yaƙi. Muna da abin koyi da ya fi wannan ma. Muɗ'im ɗan Adiyyu bai musulunta ba, cikin Ƙuraishawa yake, amma shi ya ba Manzon Allah (SAW) kariya ya shiga Makka bayan dawowarsa daga Ɗa'ifa. Bayan yaƙin Badar, Muɗ'im ya riga ya mutu, Annabi ya ce da yana raye ya nemi a saki fursunonin nan, da ya sake su dominsa. Alherin mutum ba ya goguwa don ya fito daga ɓangaren da ake rikici da shi.

Amurkar da ta sa shi dako ta dawo ta gane kurenta. A 1971 an buɗe makarantar sakandare da sunansa a unguwar Jamaica ta Queens, a New York, kusa da filin jirgin Kennedy, ana koya wa yara ilimin jiragen sama. Hukumar kula da sufurin sama ta ƙasar ta buga ɗan littafin yara a kan rayuwarsa. Mu da jininsa ya zuba a ƙasarmu ya kamata a ce muna da namu abin nunawa.

Na zaɓi ku ne don dalili. Kwalejin nan, tun da aka kafa ta a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar sufurin sama ta duniya (ICAO), ba ta taɓa zama ta yanki ɗaya ba. Ɗan Sakkwato da ɗan Kalaba suna zama ɗakin tuƙi ɗaya, kowa ransa a hannun ɗan'uwansa, har da ɗaliban wasu ƙasashen Afirka. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, 'yar jihar Abiya ce, a nan Zariya ta koya, ta kuma dawo ta shugabanci kwalejin a 2011. Wurin da ya iya wannan zai iya rataya hoton Martin ba tare da kowa ya ga an ci amanar wani ba.

Akwai kuma karatu tsantsa a cikin mutuwarsa, wanda malamanku sun fi ni sani. Titin da bai kai faɗin ƙa'ida ba yana yaudarar ido, matuƙi ya ga kamar yana sama fiye da inda yake, sai ya ƙara yin ƙasa. Ruwa a kan gilashin gaba shi ma haka yake yi. Duhun daji da babu fitila ko ɗaya kafin titi shi ma haka. A Uli ukun nan sukan haɗu a dare guda, a jirgi mai nauyi, ga fargabar harbi. Na taɓa zama a kujerar baya ta ɗakin tuƙi wata rana da muka dawo da jirgi daga gyara, hadari ya tare mu dab da sauka. Mai share gilashi yana kai da kawowa da iyakar gudunsa amma fitilun titi sun narke sun zama jan layi ɗaya mai rawa. Kyaftin ɗin, dattijo ne tsohon sojan sama, ya ce wa mataimakinsa ya bar kallon waje ya riƙa karanto masa tsayi daga agogo. Da bai gamsu ba ya tura maƙura gaba muka sake hawa, muka juya wani gari muka kwana. Mu babu wanda ke jiranmu sai matanmu. Ina so ɗalibi ya zauna ya yi tunanin yadda juyawar nan take a zuciyar wanda ya san yara masu tamowa ne ke jiran kayan da ke bayansa. Ranar da za a matsa wa ɗalibinku ya sauka cikin hadari, don mai kamfani ko don wani babban mutum da ke zaune a baya, gara a ce ya taɓa yin wannan tunanin tun yana aji.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. A samu bango ɗaya a laburare ko a zauren da ɗalibai ke taruwa, a sa hotonsa da tarihinsa a taƙaice, da Turanci da Hausa da Ibo da Yarbanci. Kowace shekara ranar 1 ga Yuli, wadda take faɗowa tsakiyar damina, lokacin da maganar hadari ke da amfani, a ware awa ɗaya wani malami ya yi wa ɗalibai bayanin jigilar Uli: yadda daga baya ƙungiyoyin coci suka yi sawu fiye da 5,000 daga tsibirin Sao Tome, yadda Red Cross ta yi nata daga Fernando Po da Kwatano, da matuƙan da suka mutu a hanya. Idan hali ya yi, a rubuta wa makarantar nan ta Queens takarda, su san cewa a ƙasar da ya rasu akwai masu ambatonsa.

In an fara da shi, bangon ba zai tsaya a kansa ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ke raina. Muna da namu da suka bi irin hanyarsa, suka fara da kaki a Kaduna da Kano, suka koma jiragen fasinja, suka yi shekaru suna kai alhazai Jidda suna dawo da su lafiya. Tun da aka rufe Nigeria Airways a 2003 suka watse, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Dattijon nan da ya juya da mu cikin hadari ya rasu. Da na je gaisuwa, babban ɗansa ya fito mini da wata akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, cike da littattafan da mahaifinsa ke rubuta awoyin tashinsa, tun daga jirgin koyo har manyan jirage, kowane sawu da kwanan wata da sunan gari da rubutun hannunsa. Gara ta riga ta cinye gefen biyu daga ciki. Yaron ya tambaye ni inda ya dace ya kai su, na rasa amsar da zan ba shi. Da kwalejin nan za ta buɗe kabad ɗaya ta sanar cewa tana karɓar irin waɗannan littattafan, na tabbata iyalai da yawa za su kawo.

Ni dai ga ni a gari, kuma ƙafata tana iya kawo ni Palladan. Ina da hoton Constellation da wani ubangidana ya ba ni tun ina yaron makaniki, na sa shi a gilashi, zan kawo shi kyauta a rataya kusa da na Kyaftin Martin don ɗalibai su ga irin jirgin. Na kuma yi magana da ɗan marigayin nan, ya ce duk ranar da kuka shirya karɓa, shi zai ɗauko akwatin da kansa.

Allah ya ƙara wa kwaleji albarka, ya sauki ɗalibanku lafiya duk inda suka tashi.

Wassalam.

Naku,
Tsohon makanikin jirgin sama,
Zariya.